Akwatin da Ya Ƙirga Biyu

Kwanakin baya ina bayan babur ɗin jikana, muna dawowa daga kasuwar Gaya, sai na ga wasu samari sun kafa dogon ƙarfe a bakin titi, sun ɗaura masa kyamara a ka tana kallon hanya. Na dafa kafaɗar yaron na ce ya rage gudu.

Ya ce, "Tsoho, kwantar da hankalinka, ba ɓarayin goro take nema ba. Motoci take ƙirgawa. Sati ɗaya ko biyu za ta yi su cire ta, su san ko hanyar tana bukatar gyara."

Na ce na sani. Ya yi dariya, kuma yana da gaskiya, don aji biyu na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Abin da bai sani ba shi ne, ni na san kakar wannan kyamarar. Har na taɓa taka ta.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Gaya zuwa Ajingi. A lokacin da nake magana, shekara biyu ko uku bayan yaƙin basasa, hanyar burji ce, idan damina ta yi nisa sai ta zama kunu. Da an idar da sallar magariba mu yara mukan tattaru a ɗakin kakarmu, wadda kowa ke ce wa Iya. Tana da murhu a tsakar ɗaki, mu gasa sabuwar masara, hayaƙi ya cika mana ido, inuwarta ta hau bango har ta taɓo azara. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika. "Mijin banza," haka take cewa, "ko cefane babu, sai cika ciki."

Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ga ta nan tafe. Mai tsoro ya matso kusa da ni."

Mu ce, "Ta iso, mun ba ta wuri."

Kafin in faɗi tatsuniyar, sai na faɗi zancen Baffa Auta, ƙanin babana. Ya shiga soja lokacin yaƙi. Yaƙi ya ƙare, waɗanda za su dawo suka dawo, shi babu shi babu takarda. Babana ya so a tara malamai a yi masa addu'a da sadaka yadda ake yi wa mamaci. Iya ta ce duk wanda ya yi wa ɗanta sadakar mutuwa ba ta yafe ba. Kullum sai ta sa an zuba tuwonsa a akushi an rufe da faifai. Da safe kuma wa ke cin ɗumamen? Ni. Ba na ɓoyewa, a duk gidan ni kaɗai ne ɓatan Baffa ya yi wa rana. Ita kuwa Iya tana ta ramewa. Ko ƙarar mota ta ji daga nesa sai ta saki abin da ke hannunta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa a shekarun nan ita ce ta tsohuwa mai ƙwarya. Wai a bakin wani gari, gindin tsamiya, akwai wata tsohuwa da ke zaune, ba wanda ya san ranar da ta zo. Ba ta roƙo, ba ta amsa gaisuwa, ba ta cutar da kowa. Idan mutum ya fita gari sai ta jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a ƙwaryarta. Idan ya dawo ta cire. Wata mata ɗanta ya tafi fatauci da jakuna, shekara bakwai shiru. Duk shekara sai ta je ta durƙusa, tsohuwar ta girgiza ƙwarya, a ji ƙwallon yana ƙara. Ma'ana yana kan hanya. Ran nan ta je, aka girgiza, shiru. Ta ruga gida da murna, ta tarar babu kowa, sai ruwan randa da ya ragu da moɗa guda.

A nan Iya takan rage murya. "Wanda ya mutu a nesa," in ji ta, "sai ya zo ya ga gida sau ɗaya. Ba ya barin sawu. Kare ba ya ganinsa. Amma ita tsohuwar ba a wuce ta."

Wani cikinmu ya tambaya, "Iya, ita matar fa?"

"Ranar ta fara kuka. Ranar kuma ta fara barci." Sai ta tone garwashi da tsinke. "Ta ƙare, itacen ma ya ƙare. Kowa ya nemi tabarmarsa."

To, ana cikin haka sai ga motar gwamnati daga Kano. Mutane uku suka sauka, suka shimfiɗa wani baƙin tiyo na roba ya gitta hanya, suka kafe shi da ƙusoshi, suka haɗa bakinsa da wani akwatin ƙarfe, suka ɗaure akwatin a jikin gawo da sarƙa da kwaɗo. Biyu suka tafi, aka bar ɗaya, wani siriri mai tabarau, aka sauke shi a gidan mai unguwa. Mu dai Malam Mai Akwati muke ce masa. Safe da yamma yakan je ya leƙa wata ƙaramar tagar gilashi ya rubuta lambar da ya gani.

Ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Motoci kawai abin ke ƙirgawa. Taya ta gaba ta taka, ta baya ta taka, akwati ya ce ƙas, mota ɗaya ke nan. Idan motocin suna da yawa za a zuba kwalta. Kwana goma zai yi ya kwashe kayansa. Kowa ya gyaɗa kai, amma ba wanda ya yarda ya taka. Mata su tsallake suna a'uziyya. Masu keke su sauka su ɗaga keken. Har jaki sai an ja shi ta cikin gona. Mu da muka sha tatsuniyar Iya kuwa, ai mun riga mun gane ko wace ce aka ɗaure a gindin gawo.

Rana ta uku Iya ta yafa zane ta ce in raka ta. Ta gaishe da Malam, ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta ce, "Ɗan nan, yana sanin wanda ya fita da wanda ya dawo?"

"A'a, Iya. Lamba kawai yake bayarwa. Bai san sunan kowa ba."

"Ita ma ba ta tambayar suna," in ji Iya. Malam ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Rana ta shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya cinye hanya gaba da baya. Kwana biyu ko motar kasuwa ba ta ratso ba. Malam yana zuwa yana rubuta lamba ɗaya tak, ba ta motsi.

A yammacin rana ta biyun aka aike ni neman tunkiyarmu. Na dawo da ita ta bakin gawo, rana ta faɗi, ana kiran magariba, babu kowa a hanya, kwaɗi sai kuka suke. Tiyon yana kwance yana sheƙi da ruwa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai dai na san tun ranar farko ƙafata ke min ƙaiƙayi. Na haɗa ƙafa biyu na daka tsalle a kai. Shiru. Na sake. Akwati ya ce ƙas.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ƙarama ce amma sai da na ji ta a haƙorana. Na kwasa da gudu na bar tunkiya a baya, ita ce ma ta biyo ni. Daren nan masara ta ƙone a hannuna ban sani ba. Iya ta ce, "Mijina yau lafiya? Ko wata ce ta ƙwace min kai?"

Da safe gari ya ɗauka. Akwati ya yi ƙirga alhali mota ba ta wuce ba. Ni da Iya muka tarar da mutane sun yi da'ira nesa-nesa, Malam yana duba laka yana goge tabarau. Babu sawun taya. Sawun ƙafa kuwa yayyafin asuba ya shafe. Iya ta ratsa maza ta isa gabansa.

"Nawa ya ƙirga?"

Malam ya ce, "Biyu, Iya. Wataƙila sanyi ne ya taɓa shi, ko wata dabba..."

Sau biyu na yi tsalle, ƙas ɗaya na ji. Ɗaya na yi.

Iya ta gyaɗa kai a hankali. "Biyu," ta ce. "Ya zo, ya koma."

Ta juya, na bi ta. Muna isa gida ta wuce randa ta buɗe, ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta kira babana ta ce, "Ka gaya wa liman." A ranar na ji kukan Iya karo na farko. Da daddare ba a yi tatsuniya ba, muka leƙa muka same ta tana barci, wuta na ci ita kaɗai. Daga ranar ba a sake rufe akushin Baffa ba, ni kuma ɗumame ya ƙare mini, kuma na san ni na jawo.

Ta yi shekara huɗu bayan haka, ta yi ƙiba, ta koma zagina da ƙarfinta. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata. Me zan ce? In ce ni ne, in mayar da ita bakin hanya? In yi shiru, in bar ta ta binne ɗan da wataƙila yana raye a wani gari? Na zaɓi shiru, ba don hikima ba, don tsoron bulala da farko, daga baya kuma don na ga tana barci. Shekaru na yi ina faɗuwar gaba duk lokacin da baƙon soja ya sauka daga mota. Baffa bai dawo ba.

Malam ya kwashe kayansa ranar da ya ce. Kwaltar ma ba ta zo ba sai da na yi gemu. Da na girma na bi sa'o'ina ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka koma Toranke da Gafasa, ina tambaya cikin wasa ko akwai wanda ya taka tiyon a daren. Kowa ya rantse ko kusa bai je ba. Na yarda akwati yana iya kuskure. Mai tabarau ya fi ni ilimi, kuma ya ce sanyi ne.

Yanzu na gane Iya ba tsoratar da mu take yi da tatsuniyar nan ba. Roƙo take yi a samu wani, ko aljani ne ko ƙarfe, wanda yake lura da masu fita, don kada mutum ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Gwamnati ta aiko akwati ya auna hanya, shi kuma ya sallami tsohuwa daga jira.

Jikana, wanda tuni ya tsayar da babur a gefen titi, ya ce, "Tsoho, mu tafi ko sai kyamarar ta ɗauke ka hoto?"

Na ce mu tafi. Da muka zo daidai ƙarƙashinta sai na ji bakina ya yi sallama. Yaron ya tambaye ni wa nake gaisarwa. Na ce ya kalli gabansa, mu biyu ne a kan babur ɗin nan, kuma ina so a ƙirga mu biyu.