Gorubar Ilyasu Direba

Duk wanda ya girma a Madarunfa ya san ƙarfin hannun Ilyasu kafin ya san muryarsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan kamyo, irin tsofaffin manyan motocin nan na dakon gyaɗa da wake, waɗanda sitiyarinsu ba ya jin lallashi sai kokawa. Ya bi hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina har ya san kowane rami da wurin zamansa. Har yau ana ba da labarin ranar da ya juya kamyo cike da buhuna a bakin kasuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da rake. Shi dai bai taɓa cewa ya yi ba, amma fa bai taɓa cewa bai yi ba, kuma wannan halin Ilyasu ne sak.

Da shekaru suka ja sai ya bar dako, ya kama tuƙa motar gidan likita, mai zuwa ƙauyuka ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda. Aikin ya karɓe shi. Mutum ne marar yawan magana, kuma wanda ke kwance a bayan mota yana nishi ba hira yake so ba. Shekara biyu da suka wuce aka kawo musu sabuwar kat-kat, motar shiga rairayi, fara fat, da leda a kujerunta, da takardar garanti daga kamfanin da ya sayar da ita a Maraɗi. Sitiyarinta akwai famfo mai tura mai da ke taya direba juyawa, ko da yatsa biyu sai ya bi. Ilyasu ya zagaye ta a gaban jama'a yana taɓe baki, ya ce wannan ai ba mota ba ce, keken ɗinki ne. Da ya koma gida kuwa, sai da ya yi raka'a biyu na godiya.

Dalili shi ne hannunsa na dama ya riga ya fara yi masa gardama. Wata safiya bayan ƙaramar salla ya tashi ya ji kafaɗar ta ƙi. Yatsun suna aiki, yana iya tura giya, yana iya ba mutum hannu in an gaisa ƙasa-ƙasa, amma ya ɗaga shi ya kai ƙirji, ina. Ga mutum yana kwana yana tashi cikin likitoci, amma ba dama ya nuna, don ya san ranar da majo, shugaban gidan likitan, ya duba kafaɗar nan, ranar ce makullin mota zai bar aljihunsa. Ilyasu kuwa bai san yadda ake zama Ilyasu ba tare da makulli ba. Abin ya ba shi tsoro ƙwarai, irin tsoron da bai taɓa ji ba a kan hanya.

Ɗelu matarsa kaɗai ta sani, ita ma ba faɗa mata ya yi ba. Ta ga yadda yake sunkuyar da kai ya tarye loma a hanya, sai washegari ta ƙi aika tuwonsa zaure inda yake ci da maƙwabta, ta ce ita ma tana son ta ci da mijinta kafin ta mutu. Unguwa ta samu abin yi. Mata suka ce Ɗelu ta koma amarya da furfurarta, maza suka ce an gama da Ilyasu. Ta shanye zolayar tas. Kullum da hantsi kafin ya fita ita ke zura masa hannun riga, tana yi tana ƙorafin cewa teloli na yanzu ba su iya yanka hannu ba.

Kwalta ba ta dame shi ba, hannun hagu ya ishe ta. Rairayin hanyoyin Safo da Sarkin Yamma ne ke son a yi ta murza sitiyari da sauri dama da hagu, hannu na karɓa daga hannu. Sai ya tafi wurin Ɗan Azumi maƙeri da ƙwallon goruba a aljihu. Aka kankare shi ya yi sumul, aka huda, aka ɗaure shi a kan da'irar sitiyarin da ɗan ƙarfe da noti biyu. Da gorubar nan a tafin hannunsa na hagu, Ilyasu yana juya kat-kat yadda ya ga dama. Majo Abdoul Aziz, wanda a haife bai fi ɗansa na biyu ba, ya tambaye shi mene ne wannan kuma. Ya ce ado ne na tsofaffin direbobi, yaran zamani ba za su gane ba. Majo ya yi dariya ya bar shi.

Haka aka ci wata goma sha tara lafiya lau. Ranar wata Talata cikin damina, da rana tsaka, suna dawowa daga wani ƙauye bayan Safo da mai naƙuda da uwarta, sai motar ta fara wani kuka daga gaba, kafin a jima sitiyarin ya sandare. Mota ta nufi gonar gero. Ilyasu ya kifa ƙirjinsa a kan sitiyarin, ya haɗa da haƙarƙari da hannu ɗaya, ya dawo da ita kan hanya da ƙyar, ƙafafunta biyu sun riga sun hau kunyar gona. Ya kawo su lafiya, aka haifi mace. Kowa ya ce ai da ma wa zai iya in ba Ilyasu ba. Ɗelu ce ta ga shatin sitiyari a ƙirjinsa, ta dafa ruwa ta gasa masa.

Aka kai mota Maraɗi, famfon sitiyari ya ƙone, garanti kuma da sauran wata biyar. Nan aka shiga zarya. Zuwan farko mai ofishin kamfanin, wani mai ƙamshin turare da sanyin murya, ya ce rairayi ne ya yi ɓarnar, kuma garanti ba ta san rairayi ba. Majo ya tambaye shi to ita kat-kat don hawa tabarma aka yi ta? Zuwa na biyu aka ce sai an ji daga Yamai. Zuwa na uku aka ce Yamai ta ce a aiko hotuna. A cikin hotunan ne aka ga goruba, sai magana ta canza: an taɓa sitiyari, an ɗaura abin da ba na kamfani ba, garanti ta faɗi. Tsofaffin makanikan wurin sun san goruba ba ta ƙona famfo, amma kowa ya duƙa kan aikinsa.

Sati uku mota tana ajiye. A Madarunfa mutane suka fara cewa a karɓo ta haka nan mana, ai Ilyasu ya ja kamyo ba famfo, mene ne wata 'yar kat-kat. Yana jin su yana murmushin yaƙe. A sati na uku aka kawo Atika, 'yar wani abokinsa na Sarkin Yamma, a amalanken jaki, tun safe suke hanya sai la'asar suka iso. Ita ta rayu, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Ilyasu yana zaune a benci a ƙofar gidan likita lokacin da aka sauke ta. Ranar bai iya cin tuwon Ɗelu ba.

Majo ya rubuta takarda mai zafi, ya sa manyansa suka buga waya, suka koma Maraɗi shi da Ilyasu a motar haya. Wannan karon mai ofis ya sauko. Ya ce don mutunci za su sa sabon famfo kyauta, da sharaɗi ɗaya: a cire gorubar nan a gabansa, direba ya sa hannu a takarda cewa ba za a sake ɗaura komai a sitiyarin ba. Majo ya ji kamar an yi masa kyautar Makka. Ya juya ya ce, "Baba, goruba ce hwa kawai. Mu cire ta mu huta."

Ilyasu ya fita ya nufi motar. Sannan ya karɓi sufana biyu daga wani makanike, ya hau ya zauna a kujerarsa. Notin yana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe ta ƙasa ɗaya ya kwance ta sama. Ya gwada da hagu kaɗai, noti ya yi ta juyawa da ɗan'uwansa. Majo yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Sai Ilyasu ya ajiye sufana, ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi a hankali ya ɗora a kan sitiyari, ya sa masa sufana ɗaya a yatsu. Ya kwance notin, gorubar ta faɗo a cinyarsa.

Majo ma'aikacin lafiya ne, kallo ɗaya ya ishe shi. Ya matso ya rage murya.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kahin motar ga ta zo."

"Kullum muna tare, ba ka hwaɗa mini ba?"

"Da na hwaɗi, da ka yi aikinka. Ni kau ban so ka yi shi ba."

Idon majo ya kawo ruwa. Ya ce a bari a gyara, in sun fita gari sai a mayar da gorubar, ba wanda zai sani. Ilyasu ya girgiza kai. Ya ce in mota ta sake samun matsala aka ga shatin ƙarfe, an koma amalanke ke nan. Kuma ya faɗi abin da bai faɗa wa ko Ɗelu ba, cewa ranar Talatar nan, da hannu biyu gare shi, da motar ba ta kai ga gero ba. Ya sauko ya shiga ofis ya sa hannu. Famfon da aka ce sai ya zo daga Yamai, ashe yana nan cikin ɗakin ajiyarsu, kafin la'asar an ɗaura shi.

Majo yana da nasa permi, wato lasisin tuƙi, shi ya ja su zuwa gida. Ilyasu ya zauna a kujerar dama, inda bai taɓa zama ba tun yana saurayi, yana taka birkin da babu a ƙarƙashin ƙafarsa. Sau biyu kawai ya yi magana, duk a kan rami ne. Da suka shigo gari majo bai nufi gidan likita ba, ya karya ya kai shi har ƙofar gida.

Ɗelu tana bakin zaure da wasu mata biyu, sun dawo daga barka, ga maza zaune a tabarma suna jiran magariba. Ta ji kukan motar ta ɗago da fara'a. Sai ta ga ƙofar dama ce ta buɗe, mijinta ya sauko daga can. Fara'ar ta tsaya, ta dube shi, shi ma ya dube ta. Shekara arba'in da aure ba ta taɓa ko kiran sunansa a gaban mutane ba. Ta ratsa ta gaban tabarmar mazan, ta kama hannunsa na dama da hannayenta biyu, ta ɗaga shi ta ɗora a kafaɗarta, suka shiga gida a haka kowa yana kallo.