Ƙahon Inna Shatu

Kafin mata su cika bencin ƙaramin asibitin da ke wani ƙauye kusa da Dutsi, Inna Shatu ungozoma ta riga ta share baranda, ta wanke hannu, ta ɗauko ƙahonta. Ɗan ƙahon ƙarfe ne da ake kifawa a kan cikin mai juna biyu a saurari bugun zuciyar jariri. Shekara ashirin da takwas ke nan tana wannan aiki, ko a rediyo ba a taɓa kiran sunanta ba. Rabin matasan ƙauyen, kunnenta ne ya fara shaida suna da rai.

Bara, bayan wani zazzaɓi, ƙara ta shiga kunnenta, siririya kamar kukan gyare, ta ƙi fita. Likita a Daura bai ɓoye mata ba: wataƙila ba za ta daina ba, sai dai ta koyi zama da ita.

Ran nan wata mai suna Rauda ta zo awo da cikin wata takwas, bayan ɓari biyu. Inna ta kifa ƙaho, ta matsa, ta sauya kunne. Ƙarar nan kawai take ji.

"Inna, yana nan?" in ji Rauda.

Da wata ce, da ta ce yana nan don ta rufa wa kanta asiri. Inna Shatu ta kira abokiyar aikinta Hadiyya, ta miƙa mata ƙahon a gaban kowa. "Saurara mini. Kunnena ya daina gaya mini gaskiya."

Jariri yana nan lafiya. Inna kuwa ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta. Sati biyu ba ta fito ba. Ta rame, ko salla take yi ƙarar na binta har sujada, ta ce da Hadiyya ita kam amfaninta ya ƙare.

Sai ga ta ta dawo. Masu yi mata jaje takan ce musu, "Tsofaffi sun ce in kunne na ƙara, ambatonka ake yi. 'Ya'yan da na karɓa ne, ba su da aiki sai gulmata." A yi dariya. Amma Hadiyya ta sha ganin ta dafe kunne da hannu biyu in ta ɗauka babu mai kallo.

Inna, ke ce kika zaɓi jin kunya a bainar jama'a a kan ki yi wa mai ciki ƙarya. Mu mutanen ƙauyen nan mun san ƙarar ba ta ragu ba, mun san dariyar nan da ƙyar kike haƙo ta. Mun gode, Allah Ya ba ki sauƙi. Duk wanda lalura ta taɓa masa abin aikinsa, ya zo ya ga yadda kike yi.

Yanzu Inna ke lalubo kwanciyar jariri da tafin hannu, Hadiyya ta kifa ƙaho, tana buga mata bugun zuciyar da yatsa a bayan hannu. Inna takan rufe ido tana ƙirgawa.

Ranar da Rauda ta haihu, Inna ce ta karɓa. Yarinyar ta callara kuka, Inna ta kara ta a kunnenta na dama, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Wannan kam na ji," in ji ta.