Tarin Dantani Ya Dawo Gidana

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Dantani a bayan gidanmu na Rikoto. Tarin fuka ya kashe shi. Ban taɓa yin maganarsa a gaban jama'a ba. Yau tsoro ya sa ni.

Mu tara ne a ƙungiyarmu ta golmo, wato noman da samari ke yi wa surukai shekara bakwai kafin a ba su mata. Tare muke noma, tare muke kwanciya a bukka ɗaya idan ruwa ya tsare mu. Akwai wani tsoho mai gadin gonar surukin Dantani, can wajen Danko, kullum cikin tari yake. Dukanmu mun zauna da shi. Dantani kaɗai ya kamu.

Sai na ce sammu ne. Me zai sa ciwo ya tsallake mutum takwas ya zaɓi ɗaya, a gonar surukinsa kuma? Na ce surukin ba ya son ba da ɗiyarsa ne. Aure dai an yi, har aka haifi Ladi. Shekara biyu ina yawo da ƙanena gidajen masu magani. Ya ce mini, "Yaya, mu gwada asibiti mana." Na ce, "Allura ba ta karya sammu." Da muka je, huhun ya riga ya ƙare.

Ni na riƙe Ladi. Dangin uwarta ko gaisuwa ban ƙara yi musu ba.

Watan jiya Ladi ta zo da goyo, ta rame. Na ji tarin tun daga ƙofa. Na san shi.

"Baba, mura ce," in ji ta.

"Ɗauki gyalenki," na ce.

A asibiti aka auna majinarta, aka ce shi ne. Na tambayi likita ko gado ne. Ta ce, "Baba, ƙwayar cuta ce, a iska ake shaƙarta. Amma jiki ba ɗaya ba ne. Wani ana haifarsa jikinsa na iya danne ta, wani kuwa ba ya iyawa sosai, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wannan bambancin ana iya gadonsa."

Na nuna jaririn. "Shi fa? Wane iri ne?"

"Ba mu da awon da zai gaya mana. Za mu ba shi maganin kariya, mu sa ido."

Ashe ba ƙarfina ya cece ni ba, ba kuma surukin ya kashe Dantani ba. Uwarmu ma da tari ta tafi, ban taɓa haɗa biyun ba.

Da Dantani na nan, ba zai zage ni ba. Dariya zai yi, ya ce, "Yaya, ashe dai allura."

Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ya bar Ladi da wushiryarsa, da wannan abu a jini da ba a gani. Kowace safiya ni ke miƙa mata ƙwayoyin, ina tsaye sai ta haɗiye. Saura wata biyar.

Jiya jaririn ya yi tari sau ɗaya. Ladi ta ce nono ne ya sarƙe shi. Na dai goya shi da kaina, muka kama hanyar asibiti.