Mai Zuba wa Iska Abinci

Wata mata tana tsaye a shagon kayan girki, takalmin ofis a ƙafarta, sabon tabon ƙuna a bayan hannunta. Ta riƙe ludayin ƙarfe da faranti, tana kamfato iska tana zubawa, tana miƙa wa baƙon da babu shi. Leɓenta na motsi, ƙirgawa take yi.

Mai shago ya gaji da kallo. "Hajiya, saya za ki yi ko motsa jiki kika zo?"

"Bari in sallami layin nan, ɗan'uwa. Ranar Asabar mutum ɗari uku zan ciyar, bikin farko ke nan da aka ba ni girki. In hannu zai gaza, gara ya gaza a shagonka."

Ni da ke gefe ina kallo, ina jin aikin ofis ta ajiye, kuma a gida akwai mai jiran ranar da zai ce, "Ai na faɗa miki."

A zubi na saba'in ta tsaya, ta murza wuyan hannu, ta zaɓi faranti mafi ƙanƙanta.

"Wannan ai na yara ne," in ji mai shago.

"Ludayi ɗaya ke cika shi. Kawo ɗari uku."

Sannan ta waiwayi layin nata, fuska ba wasa. "Kuma babu ƙari."