Dilkar da Na Aika Rigasa

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama aka kawo ni Kaduna ina amarya. Maigidana akawu ne a sakatariya, ni kuma ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a ciki da falo a Unguwar Dosa. Iyayensa suna Rigasa. Mahaifinsa malamin allo ne, kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yansa. Mahaifiyarsa kuwa Inna muke ce mata, kuma a lokacin ba ni da wata damuwa a duniya da ta wuce ta.

Inna ba ta taɓa zagina ba. Da ma ta zage ni, da na san matsayina. Duk Juma'a sai in tuƙa tuwo, in yi miyar da na zuba wa duk basirata, in ba maigida ya ɗaure a bayan Besfa ya kai mata. Sai ta buɗe, ta leƙa, ta ce a yi mini sannu, ta miƙa wa yaran maƙwabta. Magana ba ta ɓuya, daga baya na ji cewa ta ce hannun da ya saba da alli ba ya tuƙa tuwon da zai zauna a ciki. Ranar na yi kuka, na kuma yi fushi, na rantse ba zan ƙara aikawa ba. Juma'a na zagayowa na ɗora tukunya.

Maƙwabciyata 'yar Barno ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Fatarta har sheƙi take, in ta wuce ka sai ka bi iskar da hanci. Na daure na daure, ran nan dai na tambaye ta sirrin. Ta ce dilka. A lokacin mu matan Kaduna ba mu san ta sosai ba, iyakarmu soso da sabulun salo da dutsen goge ƙafa. Ta ce in ina so ta koya mini, amma fa aiki ne na mai haƙuri. Na ce ai mai surukar da ba ta cin tuwonta ta gama makarantar haƙuri.

Muka shiga Babbar Kasuwa muka sayo gero da kurkum da kanumfari da garin sandal da man riɗi. Ɓawon lemu kuwa na riga na tara na shanya. Aka surfe gero, aka daka, aka tankaɗe, muka kwaɓa da ruwan kanumfari da sauran kayan. Sai Yaya ta shafe cikin wata ƙwarya da kwaɓin, ta kife ta a kan kaskon turaren wuta don hayaƙi ya ratsa. A kankare, a sake murzawa, a sake kifewa, haka muka yi ta yi kusan mako. Maigida yana shiga yana fita, yana tsallake turmi, yana ƙorafin gida ya koma gidan biki, har kurkum ya ɓata masa farar rigar ofis. Amma ko sau ɗaya bai tambayi me muke yi ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko abinci ya sauka.

Da ta yi, muka mulmula ta curi-curi, muka barbaɗe da gari don kada ta manne. Na gwada a jikina. Ka ɗan jiƙa ta da ruwa, ka murza, sai ka ga datti yana mirginowa, dattin da ka rantse ba naka ba ne. Na shafa hannuna na ji kamar na jariri. Nan take na ce wannan ita ce kyautar Sallata ta bana, don Babbar Sallah ta ƙarato. Na zuba wa malamai mata abokan aikina a gwangwanayen madara, kowacce na yi mata bayani da bakina, har da gwadawa a bayan hannu.

Sai Inna ta faɗo mini a rai. Ni da ba na iya ɗaga ido in kalli fuskarta, a duk jikinta ƙafafunta na fi sani. Duk ranar da na durƙusa gaida ta su nake kallo: faso ya tsattsage diddigen, wani wurin har da jini-jini, ga kaushi. Tsakani da Allah tausayinta na ji. Amma ba zan ɓoye ba, na kuma yi lissafin cewa in cikinta ya ƙi ni, wataƙila ƙafarta ta karɓe ni.

To suruka ba a kai mata kyauta a gwangwanin madara. Na zaɓi manyan curi masu kyau, na jera a sabuwar langata mai fure, na rufe da faifai, na ɗaure da farin ƙyalle. Yanzu in na tuna sai in riƙe baki. Curin gero, an barbaɗe da gari, yana ƙamshin kanumfari, a cikin langa, an rufe da faifai. Ko ni aka kawo wa, nono zan aika a sayo. Amma a ranar ban ga komai ba sai ladabina.

Saura bayani. Ta yaya zan dubi uwar mijina in ce ga abin da za ta goge jikinta? Ko dai na ce tana da datti, ko na ce ta yi wa Malam kwalliya, kuma kowanne na faɗa sai ƙasa ta tsage in shige. Sai na ɗora wa ɗanta. Yana zaune ya manna rediyo a kunne na ce, "Don Allah in ka kai, ka ce wa Inna ta shafawa ce, a ƙafa ake murzawa."

Ya ce, "To."

"Ka ji kuwa?"

"Na ji mana."

Na manta ɗan fari ne. Inna ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa, hirarsu ba ta wuce gaisuwa. Ashe da ya isa, daga bakin ƙofa ya dire langa ya ce, "Ga shi in ji ta," ya koma zaure wajen maza.

Bayan la'asar na ji ƙarar Besfa. Ya shigo yana fara'a har kunne, langa a hannu. Na buɗe na ga ƙwan zabi da daddawa da kuɓewa busasshiya. Tun da nake aike Rigasa, kwanona bai taɓa dawowa da nauyi haka ba. Na ji ƙwalla ta taru mini don daɗi.

Ya ce, "Yau kin fitar da ni kunya. Malam ya ce Allah ya yi miki albarka, tun da yake bai taɓa shan fura irin wannan ba."

Na ce, "Wace fura?"

"Wadda kika aika mana. Baƙinsa na bayan Juma'a har suɗe ƙwarya suka yi. Wani da ya taɓa zama gabas ya ce ya gane ta, furar Barno ce, sai manya. Ni ma na samu ludayi biyu."

Yana rufe baki ya yi gyatsa. Wallahi falon nan ya ɗauki ƙamshi kamar an shigo da amarya.

Na zauna daɓas a kan tabarma. Na ce masa abin da ya sha, na tuna masa saƙon da na ba shi, na tuna masa kwanakin da ya yi yana tsallake turmin. Ya dafe ciki, can ya ce shi dai ya ji ɗan ɗaci a ƙarshe amma ya ɗauka haka take. Sannan ya ƙara da cewa Malam ya ce a sake aikowa Juma'a mai zuwa, yana da baƙi daga Zariya. Na ce to shi zai je ya faɗa musu gaskiya. Ya ce shi? Ya gaya wa mahaifinsa cewa ya shayar da malamai abin goge ƙafa? Gara a sauya masa wurin aiki zuwa Mubi.

Na ruga wajen Yaya ina tambaya ko tana kisa. Ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa, ta tashi ta kalle ni ta sake kwantawa. Da ƙyar ta iya cewa ba abin da zai same su, iyaka dai cikinsu zai yi laushi da santsi. Garin neman gira na kusa rasa ido, ita kuma abin dariya ta samu na shekara.

Dabara ta zo mini. Na yi fura ta gaskiya, na sa mata kurkum kaɗan don launi, na aika. Langa ta dawo fayau. Malam ya ce wannan ba ta kai ta farko ba, ko hannu aka sauya? Inna kuma ta ce tana son ganina.

Ran Asabar na hau motar Rigasa. Na same ta a ɗaki ita kaɗai, na durƙusa na gaishe ta, idona a inda ya saba. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta fara sanyi, sannan ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin gado ta kwance. Curi biyu ne na dilkata.

Ta ce, "Ke, mene ne sunan abin nan?"

Na ce, "Dilka, Inna."

"Ci ake yi?"

"A'a, Inna. Shafawa ake yi. Na ba da saƙo..."

"Wancan kika ba saƙo? Ai gara ki ba bango." Ta juya curin a hannunta. "Tun ba a haifi uwarki ba nake dama fura. Ina sa hannu na fara marmasa ta na san ba ita ba ce. Fura ba ta barin hannu da santsi. Na wanke hannu na ga kamar ba nawa ba, shi ne na ɓoye biyu."

Ban san lokacin da na ɗaga kai na kalle ta ba, karo na farko. Na ce, "To Inna, Malam fa?"

Ta ɗan kau da kai. "Na ɗanɗana na ji ba ta kisa. Ya leƙo yana ta azalzalata baƙi na jira, ƙamshin me yake ji, a yi maza. Na ce to." Sannan ta ce, "Tun ina yarinya nake dama wa mutumin nan fura. Da zazzaɓi na dama, da ciki na dama. Bai taɓa buɗe baki ya ce ta yi daɗi ba. Ran nan ina bayan katanga ina jin sa yana ta zuba albarka a gaban mutane. Na ce oho, ashe abin wanka yake so."

Na cije leɓe, na danne, na tuno mutuwa, duk a banza. Dariya ta ƙwace mini a gaban surukata. Na rufe fuska da mayafi ina jiran hukunci, sai na ji gado yana girgiza. Inna ce, ta toshe baki da gefen zane, hawaye na zuba. Rabin hawayen na dariya ne. Sauran rabin na san ba na dariya ba ne, kuma ya taɓa mini zuciya.

Da muka lafa ta miƙo ƙafa ɗaya gabana, tana kallon bango. "Na gwada a hannu. Nan ɗin ne ban iya ba, bayana ba ya lanƙwasuwa."

Na ɗebo ruwan ɗumi a kwano, na ɗora ƙafar a cinyata, na jiƙa dilka na shiga murzawa a hankali, ina kauce wa inda ya tsage. Ƙafar ta fi yadda nake zato nauyi, ta kuma fi taushi a sama. Na gama ɗaya na karɓi ɗayar. Can ta ce rabon da wani ya riƙe mata ƙafa tun ranar da aka sa ta a lalle.

Matsalar Malam kuwa ita ta warware ta. Ta tambaye ni yadda muke kife ƙwarya a kan turare, na kwatanta mata. Ta ce in kawo mata kasko da turaren, in bar mata sauran. Juma'ar da ta biyo ta kirɓa furarta da hannunta, irin wadda take yi tun fil azal, ta ɗan turara ƙwaryar, ta zuba a langata mai fure. Ina tsakar gida tare da ita aka fita da ita zaure. Muka ji Malam yana cewa, "Yauwa! Wannan ita ce. Ku sha ku ji hannu." Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar ba ta ji ba, amma na ga ta daɗe a kan ƙwaya ɗaya. Har Allah ya karɓi ransa yana yabon furar matar ɗansa, ni kuma ina amsa albarkar da ba tawa ba, mai ita tana gefe tana saurare.

A waccan Juma'ar dai, da na yi sallama zan tafi, ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Maigida yana waje yana ta fama da Besfa ta ƙi tashi. Ta dube shi, ta dube ni, ta rage murya.

"'Yar nan, jibi ki aiko mini da tuwon nan naki in ji. Amma ki zo da shi da kanki, ki gaya mini ko na ci ne ko na shafawa."