Gicciye Biyu a Bayan Ƙarfe

Shekara talatin Lorna Vandermolen ta yi a shagon mahaifinta a garin Kalamazoo tana gyaran farin ƙarfen adon tsofaffin motoci, irin mai sirantaka kamar takarda. Mahaifin, tsoho Harlan, mutum ne mai rowar yabo. In aiki ya gamsar da shi, sai ya karce ƙananan gicciye biyu a bayansa da tsinin ƙusa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yi wa aikin Lorna wannan alamar ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai, ko bayan ta yi furfura.

Ranar wata Talata da hantsi, wani dattijo mai suna Gene Tolliver ya shigo da adon ƙofar mota a naɗe cikin bargo, ƙarfen ya tsage kusan tsawon yatsa.

"Babanki ya gwada shi da wuta tun ina saurayi, ya ce ya fi ƙarfinsa," in ji Gene. "Ke kuma an ce da haske kike walda. Ko dai cika baki ne?"

"Zauna ka sha kofi, Gene, surutunka ma ya isa ya narkar da shi."

Ta ɗora ƙarfen a injin leza mai walda da haske, ta kafa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Da ta juya bayansa sai ta ga wani abu a rubuce. Ga rubutun mahaifinta nan, ya yi baƙi don tsufa: "A bar wa Lorna." Haka yake rubutawa a kan duk abin da ya fid da rai da shi, don tsokana.

Ta taka fedar kunna injin. Ɗigo bayan ɗigo hasken yana haɗe tsagar, ƙarfen ko lanƙwashewa bai yi ba. Tana cikin yi ta ji warin tabar lofen mahaifinta a bayan wuyanta. Ba ta waiwaya ba, don tsoro ya kama ta sosai.

Da ta gama ta sake juya shi. Ƙarƙashin sunanta ga gicciye biyu, sababbi fil, har da garin ƙarfe a bakinsu.

"Gene, ka taɓa shi?"

"Ni da ban tashi daga kujerar nan ba?"

Lorna ta shafa wurin da yatsa. Da ɗumi.

"Sai yanzu, Baba?" ta ce, hawaye na zubo mata.