Wayar da Yaya Lawali Ya Ɗaura a Hanyar Moriki

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana Lawali, mai gyaran wutar mota a Ƙaura Namoda. Ni direba ne, ina jigilar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa a kan ranar da ya tafi.

Yaya mutum ne mai nawa a aiki, har mukan yi masa tsiya cewa kafin ya gama da mota ɗaya an yi shuka an yi girbi. Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: duk motar da ke ɗauke wuta, ba zai sallame ta ba sai ta yi zafi sosai ya sake aunawa. Shi ya fahimtar da ni cewa akwai 'yar na'ura a gindin inji, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota lokacin da za ta ba filogi wuta. In wayarta ta tsinke a cikin roba, da sanyi tana haɗuwa, da zafi ta rabu.

Irin ciwon da ya kama motata ke nan. Ranar Laraba ya canza kwayil, abin da ke ƙara wa filogi ƙarfin wuta, ta tashi lafiya lau. Da safiyar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na zo ɗaukarta.

Ya ce, "Garba, kak ka tahi da motag ga. Ba ta yi zahi ba tukuna, ban yarda da ita ba."

Na ce, "Haba Yaya, ga ta nan tana ruri! Mutane na jirana tasha."

Na ja mota na bar shi tsaye. Mun wuce Moriki kaɗan ta mutu murus, a dajin da ko mai babur ba ya son rage gudu. Ga fasinja tara, har da mace mai goyo. Na kira Yaya a waya. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Ya hau babur ya zo, ya bi wayar da yatsa a hankali har ya ji inda ta yi laushi, ya yanke, ya ɗaura, ya naɗe da baƙin tef. Mota ta tashi.

Ya ce, "Hidda mutanen ga daga nan. Ni in tattara kaya, ina bayanku."

Mun isa Shinkafi lafiya. Shi kuwa 'yan bindiga suka rutsa shi yana ɗaure jakarsa a babur.

Yanzu makanikai a Ƙaura sun samu 'yar kwamfutar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Nakan tsaya ina kallo, ina tunanin abin da zai ce. Na san zai so ta, don ba ya ƙin sabon abu. Amma da ya ga an karanta allo, an canza na'ura, an miƙa makulli inji bai ko ɗumama ba, da sai ya yi wannan tsakin nasa. Hanyar kuwa ba ta gyaru ba, Yaya. Har yau wanda motarsa ta mutu a can sai addu'a.

Ɗaurinsa yana nan a motata. Sau biyu ana cewa a sa sabuwar waya, ina hanawa, kuma ba ta sake ɗauke wuta ba. Ba na ɗaukar kowa a motar da aka gyara sai ta yi zafi na gani da idona.

Matarsa Asabe ta san cewa mijinta ya rasu wajen ceton ƙanensa, kullum sai ta sa mini albarka in na kai wa yara hatsi. Abin da ban iya gaya mata ba shi ne cewa a ranar ya hana ni tafiya, na ƙi ji. Jiya na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa. Ta ce, "Na sani, Garba. Ya hwaɗa min sadda yaz zo ɗaukar babur. Cewa yay yi in ka dawo kar in yi maka hwaɗa."

Allah Ya jiƙanka, Yaya.